Ba kowane baƙin hammata ne datti ba

Allah Ya saka wa likitan da aka tattauna da shi kan cutar fata mai suna Dowling-Degos. A nan Gombe, da mace ta ga ɗigo-ɗigon baƙi sun yi raga a hammata, wuya ko matsematsi, sai a ce ƙazanta ce, a miƙo mata man bilicin. Alhali wataƙila wannan cutar ce, wadda gadonta ake yi, kuma galibi sai an balaga take fitowa. Ido kaɗai kan rikita ta da baƙin wuyan masu ƙiba da ciwon suga. Sai an ɗan yanki fatar an duba da madubin likita, a ga saman fata ya tsiro ƙasa siri-siri kamar saiwoyi, baƙin launi ya taru a bakinsu. 'Yan'uwa mata, a bar shafe-shafen nan, a je Asibitin Koyarwa na Tarayya a ga likitan fata. Cutar ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, kada a ƙyamaci kowa.