Coci ɗaya, asusu uku: dabarar Landan bayan gobarar 1666

A watan Satumba na 1666 wuta ta tashi daga gidan wani mai gasa burodi a layin Pudding Lane, ta yi kwana huɗu tana ci. Da ta lafa, gidaje sama da 13,000 sun zama toka, tare da coci-coci 87 da babbar majami'ar St Paul. Kowace ƙaramar unguwa a tsohon birnin Landan tana da cocinta, wasu ma tazarar da ke tsakaninsu ba ta fi jifan dutse ba. Kuɗin da za a sake gina su duka kuwa, babu shi.

Sai majalisar dokokin Ingila ta yi doka a 1670: a haɗe gundumomin coci, wato unguwannin da kowace coci ke kula da su, biyu ko uku su yi tarayya a sabon gini ɗaya, a biya kuɗin ginin daga harajin kwal ɗin da jiragen ruwa ke saukewa a Landan. Christopher Wren, masanin zanen gine-gine, shi ne ya jagoranci aikin, aka tayar da coci 51. Tilas ba ta rasa ɗakin kwana.

Da ganin dokar, mutum zai ce fin ƙarfi ne kawai. Ina ruwan majalisa da inda mutum zai yi sujada? Ƙorafin yana da tushe, ban musa ba. Amma ni abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne abin da dokar ta ƙi taɓawa. Ɗauki cocin St Mary-le-Bow da ke titin Cheapside. An haɗa ta da St Pancras Soper Lane da All Hallows Honey Lane, waɗanda ba a sake gina nasu ba. Ranar Lahadi rufi ɗaya, fasto ɗaya, ƙararrawa ɗaya. Da an fito kuwa, kowace gunduma tana nan da sunanta, da dattawan da ta zaɓa, da littafin kuɗinta, da talakawan da take ciyarwa, domin a lokacin gundumar coci ce ke karɓar kuɗin tallafin mabuƙata. Wani zai kira wannan zaman 'yan marina, kowa da inda ya sa gaba. Ni ina ganin shi ya sa haɗin ya ɗore. Mutum zai iya haƙura da bangon da ya ƙone, amma a shafe sunan unguwarsu, a miƙa asusunsu ga maƙwabta, nan ake jin kansu.

Har kaburbura an bar wa masu su. Filin St Pancras yana nan yau a Pancras Lane, ɗan lambu mai kujeru, inda ma'aikatan ofis ke zama su ci abincin rana.

Wata dokar da majalisar ta yi a 1860 ce ban yarda da ita ba. Jama'a sun ƙaura bayan gari, cocin tsakiyar birni sun zama kufai, sai aka ba da damar rushe su a sayar da filin, a gina wasu inda mutane suka koma. Lissafin daidai ne a takarda. Sai dai a 1670 wuta ce ta yi rusau, doka ta zo gyara. A nan kuwa doka ce ta ɗauko gatari da kanta. Haka aka rushe All Hallows Bread Street, ginin Wren mai lafiya ƙalau, a shekarun 1870. Gundumarta aka ƙara wa St Mary-le-Bow, kuɗin filin kuma aka kai Poplar, can gabashin Landan, aka gina wa wasu mutanen daban.