Goron sa rana ya fi sitatus isar da saƙo

Jiya ina zaune a shagon telana a Dilimi ina jiran ɗinki, sai ga wata baiwar Allah ta shigo da atamfa a leda tana haki. Anko ne, bikin Asabar ɗin nan, ita kuma sai ranar Talata ta ji. Tela ya dube ta, ya waiwaya ya dubi tulin kayan da ke bayansa, ya ce, "Hajiya, ko aljanu nake aiki da su ba zai yiwu ba." Ta fita tana faɗa. Ba da tela take ba, da 'yar ƙanwarta take, wadda ta ɗora ranar a sitatus wata biyu da suka wuce, ta ɗauka shi ke nan ta gama da kowa.

Jama'a, sitatus na WhatsApp awa 24 yake yi ya ɓace. Kuma idan ba ku ajiye lambar juna ba, ko kwana nawa zai yi ba za ta gani ba. Gwaggon da wayarta ke hannun jikoki suna kallon bidiyo, yaushe za ta gani?

Abin da ke ba ni dariya shi ne yadda muke ɗaukar sanar da rana tun kafin kati kamar wani sabon abu da aka shigo mana da shi daga Turai. To kayan sa rana fa? Dangin ango su kawo goro da alewa da dabino da biskit, a tsayar da magana, washegari a ƙulla a leda a bi gida-gida. Yaro ya yi sallama ya ce, "Wai in ji Inna, ga na sa ranar wance, wata huɗu aka sa." Nan take an sa albarka, an fara lissafi. Mai adashi ta san kwasar da za ta roƙa, mai kaji ta san waɗanda ba za ta sayar ba. Ko maƙwabtanmu Kirista a nan Jos, a coci da yawa ana karanta sanarwar aure Lahadi uku a jere kafin ranar. Kowa da hanyarsa, kuma duk sun girmi intanet.

Amma ban ce a tsaya a goro ba, don dangi sun watse. Da can daga Gangare zuwa Unguwar Rogo zuwa Rikkos ka gama da rabin zuri'a, in ka leƙa Bukuru ka gama da saura. Yanzu wani yana Kubwa, wata tana Gwarinpa, wasu Kano, wasu Jidda. Ma'aikacin Abuja da zai biyo ta Keffi da Akwanga ya hauro Jos yana bukatar ya nemi hutu, ya daidaita da albashi, ya san inda zai kwana da iyali. Kati kuwa mun san halinsa, ba ya fitowa sai saura sati biyu ko uku, bayan an gama rigimar sunan wane ya kamata ya zo a sama. Saboda haka sanarwa ta farko tana da aikinta daban, wato ta ce wa mutum ka ware mana wannan rana, bayani na tafe.

Dabarar da ta fi burge ni a 'yan shekarun nan ba ta da tsada ko kaɗan. Ledar goron nan dai da muka sani, sai aka manna mata 'yar takarda mai ɗauke da sunan amarya da ango da rana da gari. Yaron aike ko ya manta saƙo, takarda ba ta mantawa. Wata kuma 'yan kwalabe ta samu ta zuba turaren wuta, ta liƙa ranar a jiki. Wannan ta san mata. Kwalbar tana kan madubi, duk sanda aka ɗebi turare sai an ga rana, kuma ba mai jefar da turare. Na ga wadda ta yanka ƙyallen anko ƙanana ta haɗa da takardar, ta yadda kin ga rana, kin ga kalar atamfa, kin san abin da ke gabanki. Ni da za a tambaye ni, 'yan Jos da ke aika wa dangi na nesa su ƙulla 'yar acca a jaka mai kyau su rubuta rana a kai. Mutumin Kano da aka aika wa accar Filato ba zai manta wanda ya aiko ba.

Kalanda ma tana aiki, musamman in an raba ta a farkon shekara an zagaye ranar da jan biro. Sai dai don Allah a rage hoto. Na sha ganin fuskar amarya an naɗe ƙosai da ita a Terminus, abin ba daɗin gani. Haka lallen da ake zana rana a tafin hannu a ɗauki hoto, yana da kyau, ba fuska, ba rungume-rungumen da zai sa Baba ya kasa ɗaga kai a masallaci.

Ga na nesa kuwa, ba abin da ya kai murya. Wata ƙawata ta sa kakarsu ta yi saƙon murya na minti ɗaya, da irin tsokanar nan ta kaka da jika, tana cewa za a rabu da kishiya, duk wanda bai zo ba kada ya ƙara cin tuwonta. Aka tura wa kowa shi kaɗai, ba a guruf ba. Har yau akwai waɗanda ba su goge ba. Kuɗin data kawai aka kashe.

Sai maganar rubuta ranar kanta, inda ake yawan tafka kuskure. A rubuta sunan wata da haruffa, a sa sunan rana. In ka rubuta 5/6, mu nan biyar ga Yuni muka karanta, ɗan'uwanka da ke Amurka shida ga Mayu zai karanta, don su wata suke fara sawa. Sannan "sati biyu bayan ƙaramar Sallah" magana ce ta manya, mai daɗin ji, amma Sallah sai an ga wata Sarkin Musulmi ya sanar, kuma shekarar Musulunci tana gaza ta Bature da kwana 10 zuwa 11. Mai sayen tikiti ba zai iya aiki da "bayan Sallah" ba. A tsayar da Asabar ɗin, a rubuta. In kuma a Disamba ne ko Janairu, a ƙara layi ɗaya cewa a taho da rigar sanyi. Mun sha ganin baƙi daga Sakkwato suna karkarwa a wurin kamu cikin leshi.

Abu biyu ne nake roƙo a kiyaye. Kada a fitar da rana sai iyayen ɓangare biyu sun tsayar, an kuma kama wurin taro in za a yi a zaure na haya, domin a Rajab da Sha'aban da hutun ƙarshen shekara wuraren nan cika suke. Ɗage biki bayan an raba turare ɗari biyu ba ƙaramin jin kunya ba ne, ga tsegumi. Na biyu, duk wanda ka ce masa ya riƙe rana, to ka gayyace shi ke nan. Ba a ba mutum goro sannan a ce kujeru sun ƙare. In walimar mutum ɗari za ka iya, kada ka sanar da ɗari biyar.

Kuma akwai mutanen da ba a aika musu komai, ko turare ko murya. Ƙafa ake takawa. Kawu, Baffa, Gwaggo, aminan Baba, malamin da ya koya wa amarya karatu. Ka je ka durƙusa ka ce an sa rana. Waɗannan in suka ji a bakin wani, ko sun zo bikin, zuwa ne na fita hakki, kuma za ka ji a gaisuwarsu.

Mu ma an sa ranar autarmu, bayan babbar Sallah in Allah Ya kai mu. Jiya da na baro Dilimi na biya Nasarawa wajen Gwaggo da ƙullin goronta da kwalbar turare. Ta juya kwalbar, ta miƙa wa jikarta ta karanta mata ranar, ta sa aka sake karantawa. Sai ta ce turaren ya yi, amma goron nan daushe ne, in koma in gaya wa dangin ango ta gani.