"Allah Zai Yi" Ba Amsar Shugaba Ba Ce

'Yan'uwana cikin Ubangiji, musamman ku fastoci da dattawa da ke riƙe da ikkilisiyoyinmu na zango a nan Accra, daga Nima da Mamobi har Madina da Ashaiman, ku yi mini haƙuri yau, maganar nan ta daɗe tana ci mini rai.

Akwai bakin da "Allah zai yi" ta dace da shi. Gwauruwar da ta rasa kuɗin makarantar ɗanta, ko yarinyar da ta zo daga arewa tana dakon kaya a kasuwar Makola, ta kwana a bakin shagon mutane, idan ta ce Allah zai yi, bangaskiya ce zalla, domin ba abin da ya saura a hannunta. Amma idan shugaba yana zaune a taron kwamiti, aka tambaye shi yaushe za a gyara rufin majami'a, ko nawa ya rage a asusun gini, ya ce "Allah zai yi" ya wuce zuwa magana ta gaba, to wannan zamewa ce. Ya ɗauki sunan Allah ya toshe bakin mai tambaya da shi.

Na taɓa zama a wani taro inda wani saurayi mai aikin wayar lantarki ya nemi izinin magana. Ya ce wayoyin da ke bayan bagade an haɗa su ne da leda, kuma da zarar an kunna lasifika da fankoki tare sai su ɗau zafi. Ya sa hannu a aljihu ya fito da wani soket da ya narke ya yi baƙi, ya ajiye a kan tebur. Babban cikinmu ya dube shi ya ce, "Ɗana, nan gidan Allah ne, ka ƙara bangaskiya." Yaron ya ce, "To, Baba," ya mayar da soket ɗinsa aljihu. Bai sake magana ba har aka tashi. Ba a daɗe ba aka sayo sababbin lasifikoki aka jona a kan wayoyin nan. Kuɗin saye ya samu, na gyara ne aka bar wa Allah.

Mu fa mutanen garin nan ne. Mun san daren 3 ga Yuni 2015, lokacin da ambaliya da wuta suka haɗu a gidan mai na Circle, mutum sama da 150 suka rasu, da yawansu sun fake ne kawai daga ruwan sama. Mun ga kasuwar Kantamanto ta ƙone a farkon Janairun 2025. Cikin waɗanda abin ya shafa akwai masu addu'a fiye da ni da kai. Wuta ba ta tsayawa ta karanta allon da ke ƙofa.

Duk mai son ya ga yadda shugaba ke haɗa dogara ga Allah da aiki, ya buɗe littafin Nehemiya ya karanta a natse. Da labarin rushewar garun Urushalima ya iske shi, kuka ya yi, ya yi azumi, ya yi addu'a. Labarin ya zo masa a watan Kisle, bai buɗe baki gaban sarki Artashate ba sai a watan Nisan, wajen wata huɗu ke nan. Me yake yi a tsakani? Amsar da ya bayar ta nuna. Da sarki ya tambaye shi abin da yake so, ya yi addu'a a zuci, sannan ya faɗi lokacin da zai dawo, ya nemi wasiƙu zuwa ga gwamnonin da zai ratsa ƙasarsu, ya nemi wata zuwa ga Asaf mai kula da kurmin sarki domin katako. Mutumin ya san har sunan mai riƙe da katako! Wannan addu'ar ta tafi da lissafi.

Da ya isa kuma, bai kira taro ya ce ya ga wahayi ba. Ya kwana uku, ya fita da dare a kan dabbarsa ya duba garun da idonsa, har ya kai inda dabbar ba ta iya wucewa. Sura ta 3 gaba ɗaya jerin sunaye ce, wane ya gyara nan, wane ya kama daga can. Da maƙiyan aikin, su Sanballat da Tobiya, suka shirya kawo hari, sura ta 4 aya ta 9 ta ce sun yi addu'a ga Allahnsu, suka kuma sa masu tsaro dare da rana. Abu biyun a cikin aya ɗaya. Cikin kwana 52 aka gama garu, har maƙiya suka gane aikin Allah ne. Gumin maginan bai rage wa Allah ɗaukakarsa ba ko kaɗan.

Maƙwabtanmu Musulmi a zango suna da hadisin da ya ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka dogara ga Allah. Duk wanda ya tashi a cikinsu ya ji shi. Kada mu yi kamar mu ba mu da irin wannan koyarwa a namu Littafin.

Inda abin ya fi yi mini zafi shi ne kuɗi. Baiko da zakka da matan nan ke kawowa daga cinikin koko da waake, sidi biyar, sidi goma, a ƙulle a bakin zane, amana ce. Amma a wasu wurare mutum ɗaya ne ke ƙirgawa, shi ke ajiyewa, lambar MoMo ta ikkilisiya ma, wato ta karɓar kuɗi ta waya, a wayarsa take, in ka tambaya a ce kana taɓa shafaffe na Ubangiji. Manzo Bulus da kansa bai yarda ya ɗauki gudummawar Urushalima shi kaɗai ba. A 2 Korantiyawa sura ta 8 ya tura Titus tare da wani ɗan'uwa da ikkilisiyoyi suka zaɓa, ya kuma faɗi dalili: kada wani ya sami abin zargi, domin yana so a yi daidai a gaban Ubangiji da kuma gaban mutane. Wane ne cikinmu ya fi Bulus shafewa har ya fi ƙarfin littafin lissafi? Na san wata mama a zumuntar mata da ke riƙe da asusunsu a ɗan littafin makaranta mai bangon shuɗi. Kowace Lahadi ta rubuta, mutum biyu su sa hannu, ƙarshen wata ta tashi ta karanta har kuɗin ruwan leda. Ba a taɓa jin rigimar kuɗi a zumuntar nan ba, kuma ita ce ke fara zuwa addu'ar asuba.

Yesu ya tambaya a Luka 14, wa zai so gina hasumiya bai fara zama ya yi lissafi ba, kada ya kafa harsashi ya kasa gamawa masu wucewa su yi masa ba'a. Ba siyasa nake yi ba, amma kowa ya san babbar majami'ar ƙasa da aka sanar a 2017. An kashe sama da dala miliyan 50 na jama'a, abin da ke wurin har aka tsayar da aiki ƙaton rami ne da harsashi. Manyan limaman Kirista suna cikin kwamitin amintattu. Kunyar ta shafe mu duka.

Ban manta da ɗaya gefen ba. Akwai shugabannin da suka mai da ikkilisiya kamfani, tsari a kan tsari, addu'ar buɗe taro minti ɗaya don a cika al'ada. Zabura 127 ta ishe su: in ba Ubangiji ne ya gina gidan ba, wahalar magina banza ce. Shugaban da ba ya durƙusawa, wata rana wayonsa zai kai shi ya baro. Sai dai a zangonmu ba wannan ce cutar da ta fi yawa ba. Kwanan addu'a muna da shi kowace Juma'a. Abin da ke ƙaranci shi ne wanda zai tashi da safiyar Asabar ya bi abin da aka roƙa.

Saboda haka Baba Fasto, dattawa, iyayenmu mata, kafin ruwan Mayu da Yuni ya sauko, a kira taro. A hau a duba kwanon rufi, a fito da matasa a yashe kwatar da ke ƙofar majami'a, a sayi abin kashe gobara a koya wa mutum biyu ko uku amfani da shi. A buɗe asusun banki da sunan ikkilisiya mai sa hannun mutum biyu, a karanta wa jama'a lissafin wata uku da suka wuce. Masu sana'ar da ke cikinmu, magina da kafintoci da masu wayar lantarki, a ba su kujera a taron, in sun yi magana a rubuta, a sa rana, a faɗi wanda zai yi.