Hayaƙin Bola Na Kwantar Mana Da Tsofaffi

Wanda ya cinna wa bolar bayan layinmu wuta daren jiya, da tsofaffin tayoyi da ledoji a ciki, ya ji tsoron Allah. Kun dai ga yadda unguwa ta kwana. Da asuba aka kwashi dattijuwar maƙwabciyarmu sai asibiti. Ƙafafu sun kumbura suntum, numfashi sama-sama, a zaune ta kwana jingine da bango, don da ta kwanta sai haki. Likita ya ce zuciya ce ta gaza, ruwa ya taru a huhu.

'Yan dubiya kuwa kowa sai cewa yake "ai sanyi ne, ga kuma tsufa." Hayaƙi ne, jama'a! Tsohon da zuciyarsa ke lallaɓawa da hawan jini shekara da shekaru, hayaƙin dare ɗaya ya isa ya kwantar da shi. Ƙananan ƙwayoyin da ke cikinsa sukan kutsa can ƙasan huhu, jini ya hau, bugun zuciya ya rikice. A Landan, cikin Disambar 1952, hazon hayaƙin kwal ya kashe mutum wajen 4,000 a 'yan kwanaki, akasari tsofaffi da masu ciwon ƙirji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gurɓatacciyar iska na kashe kusan mutum miliyan 7 duk shekara.

Kar wanda ya zo min da "kakanninmu ma da itace suka yi girki." Kakanninmu sun shaƙi hayaƙin roba? Sun kwana da janareta a bakin taga? Mai cewa ajali ne, na yarda da ajali, amma hayaƙin da ka turnuƙe tsohuwa da shi, kai za a tambaya.

Ƙurar hunturu da ke taso mana daga Chadi ba mu da iko da ita. Ashana kuwa a hannunmu take. Don girman Allah, in akwai tsoho a gidanku, ranar da gari ya yi hazo ku rufe masa taga, kada a shigar masa da kaskon gawayi ɗaki, kada ya tsallake maganinsa.

Kuma ku masu sare darbejiyar bakin titi don ku kafa shago, maganarku na nan tafe. Itacen da muka taso muka tarar, dattawa na hutawa a gindinsa bayan azahar, an wayi gari sai kututture. Wa ya ba ku izini?