Jiki a Agege, waya a Kano

Akwai teburin wani mai shayi da nake zama bayan sallar isha'i, nan kusa da gadar Pen Cinema a Agege, Legas. Yawancin masu zaman wurin 'yan acaba ne, ko waɗanda suka taɓa yi, sai 'yan gwari da masu gadi. Idan hira ta yi daɗi, wani yaro mai shagon cajin waya kan ɗaga wayarsa ya karanto mana abin da masu sharhin siyasa suka rubuta a Facebook, har da kwaikwayon muryar sojojin baka na rediyon Kano. A yi ta musu har shayi ya huce. Kwankwasiyya da Gandujiyya, rikicin sarauta, wa ya sauya sheƙa. Na fi shekara ina zama wurin, ban taɓa jin an karanto rubutu ɗaya a kan kansilan unguwar da muke zaune ba.

Abin da ya fi damuna, da yawa daga cikin masu wannan rubutu a nan Legas suke kwana. Wasu a Idi-Araba, wasu a Mile 12 ko Obalende, kuma sun iya alƙalami, babu ja. Amma wayarsu kullum arewa take kallo.

Ku tuna farkon 2020. A watan Fabrairu gwamnatin Sanwo-Olu, gwamnan Legas, ta hana acaba da Keke a manyan sassan birnin. A watan Maris aka sauke Sarki Sanusi a Kano. Ni dai a wayata, saukar sarki ta cinye makonni ana fashin baƙi, maganar acaba kuwa 'yan hotuna ne da "Allah ya kyauta". Haka aka maimaita ranar 1 ga Yunin 2022, da aka sake kafa dokar a Ikeja da Surulere da Apapa da wasu ƙananan hukumomi uku, aka riƙa tara babura ana murƙushe su a gaban kyamara. Ba ina cewa gwamnati ba ta da hujja ba, duk wanda ya ga karayar da acaba ke jawowa ya san akwai abin dubawa. Sai dai mai babur ɗin da ya ci bashi ya saya, wa ya rubuta masa da Hausa waɗanne tituna aka hana, ina ake kai babur idan an kama, wa zai je ya gani? A bakin abokan sana'a ya ji, rabi gaskiya rabi jita-jita.

Maƙwabtanmu sun sha nuna mana yadda rubutu ke saukowa ƙasa. A Janairun 2012 da aka cire tallafin mai, lita ta tashi daga naira 65 zuwa sama da 140, da waya aka riƙa kiran juna zuwa zanga-zanga a Ojota, har gwamnati ta dawo da ita 97. A Oktoban 2020 matasan EndSARS, masu neman a rusa rundunar 'yan sanda ta SARS, sun fara a Twitter, suka je suka kwana a Alausa, inda ofishin gwamna yake, suka tara kuɗin abinci da lauyoyi da magani, aka rusa SARS ranar 11 ga watan. Yadda aka ƙare da harbe-harbe a Lekki ranar 20 kowa ya sani, kuma ba shi nake wa mutanenmu fata ba. Abin lura shi ne, kowane rubutu a lokacin yana da wurin zuwa da abin da ake nema. Namu kuwa zafinsa a waya yake ƙarewa.

Na san amsar da za a ba ni: baƙo raɓa ne, kada ka sa baki a garin mutane. Tsoron yana da tushe. Wanda ya ga rikicin Mile 12 na Maris 2016, da aka rasa rayuka aka rufe kasuwa, ba zai so a yi wasa da wuta ba. Ga kuma dokar laifukan intanet ta 2015 da aka sha kama marubuta da ita. To amma wane baƙo? A Agege akwai gidajen da kakanninsu suka zauna tun zamanin fataucin goro, 'ya'yansu suna jin Yarabanci kamar Hausa. Kuma tambayar dalilin da ya sa ake karɓar kuɗin tikiti sau uku a rana ba zagin kowa ba ne. Mai sayar da kifi Bayarabiya da ke gefen ɗan gwari ita ma tikitin take biya.

Sannan ga lissafi. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023, tazarar da Peter Obi ya ba Tinubu a Legas ba ta kai ƙuri'a dubu goma ba. Jihar na da ƙananan hukumomi 20 da hukumomin raya ƙasa 37, kowace da kansilolinta, su ne kuma ke da hannu a kasuwa da kwata da shara. Mutanenmu fa? Katin zaɓe yana Jigawa ko Katsina, ranar zaɓe a hau mota a tafi gida, ko a kwanta barci. INEC tana ba da damar mayar da rajista inda mutum yake zaune. Marubucin da ya yi bayanin wannan, ya kuma naɗe shi a saƙon murya na WhatsApp saboda waɗanda karatun boko ya yi wa nisa, ya fi mini wanda ya yi shafi goma a kan wa zai gaji wa a Kano.

Daren jiya na tambayi masu teburin sunan kansilan mazaɓarmu. Mutum tara ne zaune. Mai shayi ne kaɗai ya ce yana jin ya taɓa ganin fastarsa a jikin turken wuta, sai yaron caji ya ce mu yi shiru, wani ya sake yin sabon rubutu a kan gidan sarki na Nassarawa a Kano.