Matasan Jigawa, ku waiwayi Kogin Haɗejiya

Assalamu alaikum 'yan uwana matasa. Tambaya nake so in yi muku: mu nawa ne za mu iya faɗin inda ruwan da ke ciyar da mu yake fitowa? Muna cin shinkafar Auyo, muna cin kifin Haɗejiya, amma da yawanmu ba mu san kogin ba sai ranar da ya cika ya shigo mana gida.

Kogin Kano da Kogin Challawa ne suke haɗuwa kafin Wudil, daga nan ruwan ya shigo Jigawa ta wajen Ringim, ya bi ta Miga da Auyo ya isa Haɗejiya, sannan ya bazu cikin fadamun Kirikasamma da Guri har Nguru. Can gaba yake gamuwa da Kogin Jama'are, su zama Komadugu Yobe da ke gangarawa Tafkin Chadi. Wato abin da muka zuba a nan, wani bawan Allah a Gashuwa ne zai sha shi.

Iyayenmu sun san kogi mai cika da damina ya janye da rani, ya bar musu laka mai albarka. Da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992, sai tafiyar ruwan ta canza. Yanzu akwai ruwa kwance a wasu rassan rani da damina, kuma abin da ciyawar kachalla take so ke nan. Duk wanda ya shiga yankin Guri ya gan ta: ta fi mutum tsayi, ta cinye gona, ta toshe hanyar kwale-kwale, jan baki ya mai da ita gida yana tasowa da asuba ya sauka a kan shinkafar mutane. Idan hanya ta toshe, ina ruwa zai bi? Cikin gari mana. Ba mu manta 2020 da 2022 ba, lokacin da mutane suka kwana a makarantu, gonakinsu na ƙarƙashin ruwa.

A nan ne nake da ƙorafi a kanmu. Idan mai unguwa ya kira gayyar yanke kachalla, dattawa ne ke shiga ruwa har ƙirji da lauje, masu jini a jika suna gindin bishiya da waya a hannu. Haba 'yan uwa! Gaskiya ne aikin ya fi ƙarfin lauje, akwai haƙƙi a kan gwamnati da hukumar raya kogunan Haɗejiya da Jama'are, kuma ya kamata mu riƙa tuna musu cikin ladabi. Amma wanda bai taɓa jiƙa ƙafarsa ba, da wane baki zai yi magana?

Masu zuba guba a ruwa don kama kifi kuma, ku ji tsoron Allah. Tarwada da ƙarfasa da 'ya'yansu duk kuke hallakawa, ga shanun makiyaya na sha daga wannan ruwa. Haka masu taru mai ƙananan ido. Idan Sarkin Ruwa ya ce a dakata, a dakata. Masu fito, kada kuɗin mutum biyu ya sa ku cika kwale-kwale fiye da kima ranar kasuwa.

Wanda kuma yake shirin tafiya birni neman acaba, ya fara zuwa ya ga sa'anninsa da suka haɗa kuɗi suka sayi injin ban ruwa, suna fitar da alkama da albasa da tumatir da rani. Ya tambaye su nawa suka kashe, nawa suka samu, kafin ya hau mota.