Gajartar Hijabi Ba Ta Kai a Kori Yarinya Daga Aji Ba

A yawancin makarantun gwamnati na ƙauyukan Kano da Jigawa, kayan makarantar 'yan mata guda uku ne: riga mai sauka zuwa gwiwa, wando, da hijabi. Wasu makarantun kuɗi da na Islamiyya kan sa dogon siket a madadin wandon. Kowace makaranta kuma da iyakar da ta gindaya: hijabi ya sauka sosai, riga kada ta ɗame, wando kada ya tsuke, siket ya rufe idon sawu. Ba ni da ja a kan wannan ko kaɗan. Iyaye da kansu ne ke son haka, kuma uban da ke Garki ko Tsanyawa ba zai bar 'yarsa ta fita ba muddin bai gamsu da shigarta ba. Inda nake da ja shi ne hukuncin da ake yanke wa wadda kayanta suka gaza, musamman maganar nan da ake yi a ƙofar makaranta da sassafe: "Ke, koma gida, kada ki dawo sai kin canzo."

Malamin da ya faɗi haka yana ɗauka cewa yarinyar ce ta zaɓi ta sa gajeren kaya. A cikin birni akan samu irin haka. A ƙauye kuwa, galibi ba kayan aka rage ba, yarinyar ce ta girma. Tsakanin shekara 11 zuwa 14, daidai lokacin da take ƙaramar sakandare, 'ya mace na iya ƙara tsawon santimita 6 zuwa 8 cikin shekara guda, jikinta kuma yana ta sauyawa. Rigar da aka ɗinka mata tana aji ɗaya da ƙyar za ta kai ta aji uku. Wata ma tun asali ba tata ba ce, gadon yayarta ce, ko ta 'yar maƙwabta da aka yi wa aure. An wanke, an shanya a rana, yadin ya motse, hijabin da ke sauka har gwiwa bara, bana ya tsaya a ƙugu.

Sai kuma maganar lokaci, wadda masu tsara dokokin nan a ofis ba kasafai suke tunawa da ita ba. A watan Satumba ake shiga sabuwar shekarar karatu. Duk wanda ya san ƙauye ya san a wannan lokaci rumbu ya yi ƙasa, abin da ke hannu ya tafi a taki da kuɗin 'yan ƙwadago, geron da ya fara shigowa kuma na ci ne. Kuɗi ba sa shiga aljihun manomi sai an sayar da riɗi da gyaɗa, an tsinke zoɓo, dawa ta iso gida, wato daga Oktoba zuwa Disamba. Don haka idan magidanci ya zo ya ce, "Malam, a yi mana haƙuri zuwa kaka," gaskiyar halinsa yake faɗa. Ga tsadar da ta biyo bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira, har hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024. Yawancin masaƙun Bompai da Sharaɗa da Challawa sun daɗe da rufewa, yadin da ake sarowa a Kantin Kwari a kai kasuwar Wudil ranar Juma'a ko ta Maigatari ranar Alhamis mafi yawansa na waje ne, farashinsa yana bin dala. Kayan mace kuma sun fi na namiji cin yadi, tun da har da hijabi. Mutumin da ke da yara biyar a makaranta, idan kuɗinsa na ɗinki biyu ne, kowa ya san wa ake cewa ta jira.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da ke faruwa bayan an mayar da ita gida. Ba a ranar ake ɗinka sabon kaya ba. Za ta yi kwana biyu, ta yi mako. Uwa ta ga ga hannu a gida, sai ta ɗora mata tallar awara ko ƙuli-ƙuli. Ribar tallar ta fara shiga adashin kayan ɗaki. Uba kuwa, wanda da ma zuciyarsa rabi da rabi ce a kan bokon mace, sai ya ce ai ba shi ya cire ta ba, su suka koro ta. Idan ta koma bayan mako uku, an wuce ta a lissafi da Turanci, ta faɗi jarrabawa, aka yi mata dariya, sha'awar karatun ta mutu. A daidai wannan shekaru ne masu neman aure ke fara sallama a ƙofar gida. Malamin da ya kore ta ba wannan ya nufa ba, na yarda, amma nan hanyar da ya ɗora ta a kai take ɓullewa.

Kuma abin ya saɓa wa duk ƙoƙarin da hukuma ke cewa tana yi. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara tara kyauta, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, har ta tanadi hukunci ga iyayen da suka ƙi kai 'ya'yansu. Gwamnatin Kano ta ƙaddamar da ilimi kyauta kuma dole a 2019, sannan Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024. Shirin AGILE na Bankin Duniya, wanda Kano ke cikin jihohi bakwai na farko da suka shiga, daga baya Jigawa ma ta shigo, yana ba iyaye tallafin kuɗi don kawai 'yan mata su zauna a sakandare. Dagatai da masu unguwanni da limamai suna bin gida-gida suna lallashi. Duk wannan wahala, sai a zo a warware ta a bakin ƙofa saboda riga ta gaza da taƙi ɗaya.

Mu tuna da shari'ar hijabi ta Legas. A watan Yunin 2022 Kotun Ƙoli ta tabbatar da 'yancin ɗalibai mata Musulmi na sa hijabi a makarantun gwamnatin jihar, mu kuma a Arewa muka yi ta murna. Abin da ya ƙona mana rai a shekarun da aka yi ana wannan dambarwa shi ne ganin 'yan mata a tsaye a wajen makaranta, an hana su aji saboda tufafin jikinsu. Dalilin can daban ne da na nan, amma yarinyar da ke tsaye a waje, asararta iri ɗaya ce.

Akwai malaman da za su ce ban san halin yaran yanzu ba. Za su ce akwai waɗanda ke kai wando wurin tela a tsuke shi, a ɗame riga, a rage hijabi, don kwaikwayon abin da suke gani a waya, kuma idan aka ƙyale ɗaya, kafin ƙarshen zango rabin aji sun bi. Wannan gaskiya ne, har a ƙauye ana samu, kuma ba na cewa a zuba ido. Ladabi wani ɓangare ne na abin da iyaye suka kai 'ya'yansu su koya. Amma kayan da aka tsuke da gangan da kayan da suka tsufa ba sa ɓoyuwa ga mai lura. Sabon ɗinki daban, yadin da ya koɗe har kalmasarsa ta ƙare daban. Malamin da ke zaune a gari ɗaya da iyayen yaran nan, yana sallah tare da su, ya san gidan da ake da hali da gidan da babu. Ita ma wadda ta yi da gangan, a kira mahaifiyarta ko waliyyinta, a ba ta aikin horo bayan an tashi, a sa ta warware ɗinkin. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar ta rasa darasi.

Akwai kuma yadda ake duba kayan, wanda a ganina ya fi korar ma muni. A tsayar da 'yan mata a filin asambuli, malami namiji yana bin layi yana ƙare musu kallo daga sama har ƙasa, yana zaro wadda ya ga rigarta ta kama ta, maza 'yan ajinsu suna kallo suna dariya. Wani wurin har almakashi ake sa wa a keta wandon, ko a sa ta durƙuso a rana, ko a yi mata bulala. An kafa dokar ne don a kare mutunci da kunyar yarinya, sai ga shi wajen aiwatar da ita an jawo idon makaranta gaba ɗaya kan jikinta. Budurwar da ta fara girma, da ma a takure take da kanta. Wata rana ba gajartar hijabin ce matsalarta ba, tana cikin kwanakin al'ada ne, kayan kuma guda ɗaya tak gare ta, ta wanke jiya da dare ba su bushe ba, ta aro na ƙanwarta. Wannan ba magana ce da za ta iya faɗa wa malami namiji a gaban jama'a ba, don haka sai ta yi shiru ta karɓi bulalar. Hadisi ya inganta cewa wanda ya rufa wa Musulmi asiri, Allah zai rufa masa asiri duniya da lahira. 'Yar shekara 13 da talaucin gidansu ya bayyana a jikin rigarta tana cikin waɗanda suka fi cancantar wannan rufin asiri. Keta kaya kuwa ɓarnar dukiyar talaka ce tsantsa, domin wanda bai iya sayen sabo ba, yanzu an raba shi da tsohon ma.

Ba hasashe ba ne cewa kayan makaranta kaɗai na iya tsayar da yarinya a aji. A yammacin Kenya, masana tattalin arziki Esther Duflo da Pascaline Dupas da Michael Kremer sun bibiyi makarantun firamare sama da 300, inda aka raba wa ɗaliban wasu kayan makaranta kyauta, wasu kuma ba a raba ba. A inda aka raba, 'yan matan da suka bar karatu sun ragu, haka ma waɗanda suka yi aure ko suka haihu da ƙuruciya. Biyu daga cikin masanan, Duflo da Kremer, sun samu kyautar Nobel a 2019. Kenya ba Jigawa ba ce, amma talaucin da ke hana uba sayen yadi ba ya bambanta.

Gwamnatin Kano ta raba wa 'yan aji ɗaya na firamare kayan makaranta kyauta a farkon 2025, kuma abin a yaba ne. Sai dai ba a aji ɗaya na firamare muke asarar 'yan mata ba. Muna asararsu ne a tsallakawa daga aji shida zuwa ƙaramar sakandare, da kuma tsakiyarta. Idan za a sake rabo, a Kano ko a Jigawa, 'yan matan wannan mataki ya kamata a sa a gaba, a ba su saiti biyu, kuma a ba telolin garuruwansu ɗinkin domin a auna kowace da jikinta.

Kafin nan, akwai abin da shugaban makaranta zai iya yi tun gobe ba tare da ya jira takarda daga Dutse ko Kano ba. Ya rubuta dokar kayan da Hausa, a karanta wa iyaye a taron farkon zango, a gaya musu su ce wa tela ya bar kalmasa mai faɗi a ƙasan riga da ƙafar wando, yadda za a riƙa warwarewa idan yarinya ta ƙara tsawo. Kada a tilasta wa kowa sayen yadi a hannun makaranta, launi kawai za a faɗa. Duba kayan 'yan mata ya koma hannun malama mace, a cikin ofis, inda babu malama kuma a nemi wata dattijuwa daga kwamitin kula da makaranta na gari. Shi kuma kwamitin ya riƙa karɓar kayan waɗanda suka gama aji uku, a wanke, a ajiye a ofishin shugaba don mai buƙata. Wadda kayanta suka gaza a watan Satumba, a ba iyayenta wa'adi zuwa ƙarshen Disamba, ta sa dogon hijabinta na gida ko na Islamiyya ta shiga aji.